Takardun da Ƙwaro Ya Rage Mana

Ku da kuke zuwa zaurena a nan Koki da waya a hannu, kuna ɗora ta a kan ganye ta faɗa muku sunansa, na san abin da kuke cewa idan kun fita. Cewa kuke tsohon nan ya ƙarar da ƙarfinsa yana shanya ganye a cikin jarida, wai kuma sunan abin aiki. Ban ji haushi ba. Mahaifina ma haka ya ce ranar da aka zo neman ya ba da ni.

Marini ne shi a Ƙofar Mata, kuma a bakin ramin rini na tashi. Wata rana ina zuba toka, sai ga wani dattijo da hular kaki da jakar fata, yana tambayar ire-iren baban da ake kawo mana, wato ganyen da muke rini da shi. Manya suka ce baba ai baba ne. Ni kuwa na sa baki, na ce wanda ake kawowa daga gabas ya fi duhu, ƙanshinsa ma daban. Dattijon ya dube ni, ya ce, "Yaro, ka yi boko?" Na ce na gama firamare. Shi ne Baba Audu, mai kula da ɗakin adana tsirrai na wata makarantar gaba da sakandare. Mu dai ɗakin ganye muke ce masa. Sau uku yana zuwa gidanmu kafin mahaifina ya ce, "To Malam, ga shi nan. In ya gaji da shanya ganye, ramin yana nan."

Aikina na farko sauya jarida ne. Idan an ɗebo tsiro daga daji, a cikin tsohuwar jarida ake shimfiɗa shi, a sa kwali sama da ƙasa, a jera da yawa tsakanin katako biyu, a ɗaure da bel a matse. Kowace safiya sai an kwance an sauya jaridar da ta sha danshi, in ba haka ba ganyen ya yi baƙi ya ruɓe. Wata da watanni ban yi komai ba sai wannan. Da na fara ƙorafi, Baba Audu ya miƙo mini tsiro biyu ƙanana, ya ce in faɗi sunansu. Na ce tafasa ce duka. Ya ce, "Ƙirga ganyen." Na ƙirga. Ɗaya uku-uku ne a kowane gefe, bakinsu a zagaye. Ɗayan ya fi yawa, bakinsa da tsini. Ya ce, "Wancan tafasa, wannan rai ɗore. Kullum kana juya su da hannunka, ba ka taɓa kallonsu ba. Koma kan jarida."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Almakashin yankan reshe, ƙaramar wuƙa, wani ɗan ƙarfe na tono saiwa, gilashin ƙara girma da nake ratayawa a wuya, allura da farin zare na ɗinke kara mai kauri a jikin takarda, da gam, da kafur na korar ƙwaro. Sai fensir da littafin daji. Ba ma rubutu da biro a daji, domin ruwa ɗaya zai wanke maka aikin yini. Duk tsiron da ya bushe, a farar takarda mai kauri ake manna shi, a ƙasan takardar kuma a liƙa kati. Katin nan shi ne rabin aikin: inda aka samo shi, da ranar, da wanda ya ɗebo, irin ƙasar wurin, launin furen tun kafin ya koɗe, sunan da mutanen wurin ke kiransa, da abin da suke yi da shi. Na taɓa kawo wani kyakkyawan reshe na manta ban rubuta inda na tsinke shi ba. Baba Audu ya juya shi, ya ce, "Ya yi kyau. Kai wa akuya."

Bado ne ya fi ba ni wuya. Ku da kuke ganin furensa fari tas a kan ruwa, ku gwada busar da shi. Na shiga wani tafki har ƙirji na tumɓuko shi da saiwarsa, domin Baba Audu ba ya karɓar fure babu tushe. Sai an tsaga furen biyu, an fere tushen siriri kamar za a soya dankali, sannan a sauya masa jarida sau uku a yini. Na farko ya yi fumfuna. Na biyu ya manne da jaridar, na ɗago shi da labarin wasan ƙwallo a jikinsa. Sai a na huɗu ya karɓa.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Ɗalibai su zo da ganye a leda, ya riga ya dahu da zafi, suna so a faɗa musu suna yanzu-yanzu. Masu magani daga kasuwa su zo a gwada musu saiwar da aka sayar musu, ko ita ce ko an yi musu ha'inci. Wanda ba na mantawa shi ne zuwan wata nas da hantsi, ta sauko daga acaɓa ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta kwance hankici, ga ɓawon wani ɗan itace da gutsuren ƙwaya. Yara uku aka kai musu daga gida ɗaya suna amai da gudawa, sun ci wannan abin a bayan gida. Likita yana so ya san ko zurma ce, domin in ita ce, maganar babba ce. Na ciro takardar zurma da ta bini da zugu, kowacce da ƙwayoyinta a ɗan ambulan, na jera su kusa da nata. Ƙwayar zurma tana da zane-zane da sheƙi. Tata baƙa ce, ba sheƙi. Na ce, "Malama, bini da zugu ne. Ki tafi da wannan takardar ki nuna wa likita, amma ki dawo mini da ita." Bayan kwana uku ta dawo da takardar, ta ce an sallami yaran.

Lokacin da mummunar shekararmu ta zo, Baba Audu ya riga ya rasu, ɗakin yana hannuna. Zamanin soja ne. Malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe makarantar, aka zuba jami'an tsaro a ƙofa. Ana farkon damina. Irin ɗakinmu ba ya son a bar shi ko na sati biyu: sai an buɗe kabad an duba, an ƙara kafur, an ga inda rufi ke yoyo. Duk Litinin sai na hau kekena na je ƙofar. Akwai wani saje da ya gaji da ganina, ya ce, "Baba, me ka bari a ciki ne haka? Kuɗi?" Na ce ganye ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Wallahi da ikona ne da na bar ka. Umarni ne daga sama." Ban ga laifinsa ba.

Sai bayan an yi girbi aka buɗe. Tun daga baranda na ji warin. Silin ya ɓalle a kan kabad ɗaya, abin da ke ciki ya dunƙule kamar tuwon da ya kwana. Kabad biyu kuma ƙwaro ya shiga, wani ɗan mitsitsi ja-ja da ke cin busasshen ganye ya bar takarda. Ina ɗaga takarda sai gari ya zubo kamar garin kuka, sai zaren ɗinki da inuwar tsiron a jiki, sai katin a ƙasa da rubutun Baba Audu, ko harafi bai goge ba. Mafi tsufan kayanmu ne a wurin. Masu shara suka tara su za su cinna wuta. Na roƙe su, na samo mai kura, na loda takardun a akwatin ƙarfe na kawo nan gida. Shekaru suka yi a ƙuryar ɗakina. Maiɗakina ta ce har tuwo warin kafur yake yi mata.

Shekarar da soja suka koma bariki, wannan komawar ta ƙarshe, sai ga takarda daga Abuja. An kafa kwamiti zai zagaya ƙasa ya san abin da ke ɗakuna irin namu, na tsirrai da na ƙwari da na kifi da na tsuntsaye, a haɗa bayanin wuri ɗaya a kwamfuta. Inda aka samu da kyau za a taimaka masa da kayan aiki. Inda ya lalace, za a kwashe abin da ya rage a kai inda za a iya kula da shi.

Shugaban sashenmu a lokacin Dakta Lawan ne, mutumin Soron Ɗinki. Mutumin kirki ne, shi ya hau tsani da kansa muka toshe rufin nan. Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Malam Habu, takardun nan da ka kai gida suna nan?"

Na ce, "Suna nan, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Idan suka ga kabad uku wayam, kwashe mu za su yi. Ɗalibanmu su koma ina? Masu zuwa daga asibiti su je ina? Damina ce yanzu, kuma babu ganyen da ba ka sani ba. Ka bi katunan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗebo sababbi mu manna a gurbinsu. Ba ƙirƙira muka yi ba, da ma muna da su."

Ba zan yi muku ƙarya in ce na ƙi ba. Maganarsa ta shige ni. Na ce zan gwada.

Na fara da wanda na fi sani. Katin ya ce baban rini ne, Baba Audu ya ɗebo shi a gefen wani kududdufi a cikin gari, ba nisa da ganuwa. Na je wurin. Babu kududdufi. An cike shi da bola an yi shaguna na bulo, wani mai walda yana aiki daidai inda ruwa yake a da. Na hau mota zuwa ƙauyen da ake noma baba, na ɗebo mai kyau da fure da 'ya'ya, na matse shi sati guda ya bushe. Ranar da zan manna, na shimfiɗa tsohuwar takardar ina kaɗe garin, sai na ga ƙwaro ya bar kwanso ɗaya tal a ƙarƙashin zare. Na sa gilashi. Kwanson a lanƙwashe yake kamar lauje. Na dubi na sabon, a miƙe yake kamar ashana.

Na ɗauki biyun na kai wa Dakta Lawan, na miƙa masa gilashin. Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Dakta, sunan ɗaya ne, tsiron biyu ne. Idan na manna wannan, na sa Baba Audu ya faɗi abin da bai faɗa ba. Wurin kuma an gine shi, babu mai zuwa ya gano gaskiya. Wannan na kama shi ne don kwanso ɗaya ya tsira. Sauran fa, da ba su bar komai ba?"

Ya ajiye gilashin, ya cire hularsa ya shafa kai. Ya ce, "Ni da nake koya wa yara wannan a aji. Allah Ya yafe mana. Bar shi, Malam Habu. Ka kawo akwatin yadda yake. In sun kwashe mu, sun kwashe."

Mutum ɗaya kwamitin ya turo mana, wata mata mai suna Dakta Rifkatu, 'yar wajen Filato, Hausa a bakinta kamar a Kano aka haife ta. A motar haya ta zo, da jakar takardu da takalmi mai taɓo. Ta duba kabad ɗin da suka tsira, tana ɗaga takarda da hannu biyu ba ta juya ta kamar shafin littafi, na san ta san aiki. Da ta zo kan guda ukun nan, na buɗe su wayam, sannan na jawo akwatin. Dakta Lawan ya faɗa mata komai, har da shawarar da ya kawo da farko, bai ɓoye ba.

Ta zauna a kan benci, ta ɗauki takarda ɗaya ta karanta katin. Ta ce, "Baba, wata na nawa ina yawo. Babu inda na je ban tarar da irin wannan ɓarnar ba. Akwai inda aka nuna mini ganye kore shar a kan takardar da ta girme ni. Ban ce musu komai ba, na san tsoro ne. Amma yanzu duk abin da ke ɗakinsu sai na yi shakkarsa, har na gaskiyar."

Na ce, "To waɗannan fa, Dakta? Babu komai a jiki."

Ta ce, "Akwai wuri, akwai rana, akwai sunan wanda ya gani da idonsa. Za mu shigar da su duka, mu rubuta cewa tsiron ya lalace. Wanda zai yi bincike nan gaba ya san iyakar abin da zai dogara da shi."

Kwana biyu ta yi niyya, ta yi tara. Ni ina karanto kati, ita tana cike fom. A rana ta farko na lura tana tsallake layin ƙasa. Na ce, "Dakta, ba ki rubuta sunan Hausa ba, da amfaninsa." Ta ce fom ɗin bai ba da gurbi ba, sunan kimiyya kawai aka nema. Na ce mata duk shekarun da na yi a ɗakin nan, ban taɓa ganin mai magani ko manomi ko uwar yaro ta shigo da sunan kimiyya a baki ba. Da sunan gida suke zuwa, da shi muke nemo musu. In aka bar shi, kwamfutar ta malamai ce kaɗai. Sai ta ce in ara mata rula. Ta ja layi a gefen kowane fom ta yi sabon gurbi. Ta ce, "Za su yi mini faɗa a ofis. Su yi."

Bayan tafiyarta shiru ya yi tsawo, har muka fitar da rai. Damina ta sake zagayowa kafin amsa ta zo. Ba a kwashe mu ba. An kawo kabad na ƙarfe da firiza ta kashe ƙwaro, ko da yake wutar da za ta riƙe ta sai an yi addu'a. Kwamfutar da aka ce za a ba mu, har na bar aiki ban gan ta ba, a can Abuja aka shigar da bayananmu. Aka kuma gayyace ni taro, ni da ba ni da takardar komai sai ta firamare.

A wurin taron na ga abin da ban zata ba. Manyan malamai suna gaba suna jawabi, mu masu kula da ɗakuna muna baya, yawancinmu furfura. Da aka fita shan shayi hira ta ɓarke, kowa da guntun Turancinsa. Wani daga gabas ya ce a ƙarƙashin gadonsa ya ɓoye akwatunan malam-buɗe-littafi. Wani daga bakin kogi ya ce da maganin da suke jiƙa kifi a ciki ya ƙare, kwalba-kwalba ya riƙa bi yana rage na wannan yana cika na wancan. Shekara da shekaru muna aiki iri ɗaya, babu wanda ya san da ɗan'uwansa.

A nan wani dattijo Bayarabe, Mista Ajayi, mai kula da ɗakin ganye a kudu, ya zo yana tambayar wane ne mutumin Kano. Ya ce da aka haɗa jerinmu da nasu, an ga lambobin da ke kan katunanmu da nasu suna haɗuwa. A zamanin da, idan an ɗebo tsiro da yawa akan aika tagwayensa wani wuri. Na san da haka, amma littafin da aka rubuta inda aka aika yana cikin kabad ɗin da ruwa ya cinye. Ya riƙe hannuna ya ce, da 'yar Hausarsa, "Kayanka yana wurina. Lafiya lau."

Bayan wata biyu kwali ya iso. Inda suke da biyu sun ba mu ɗaya. Dakta Lawan ya zo da sauri har da almakashinsa, yana cewa a buɗe a jera. Na ce, "Dakta, baƙo ba ya shiga kabad sai ya kwana bakwai a firiza, ko daga ina ya zo." Ya ce, "Kai dai Malam Habu!" Sai da ya jira. Aka yi sa'a satin wuta ta zauna.

Ba duka muka samu ba, ko kusa. Amma abin da ya zo, ya zo da jikinsa, ganye da fure da kati. Muna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ina duba lamba, sai Dakta ya tsaya a kan wata takardar sabara. Ya ce, "Wannan kuma wane ne ya yi? Dubi ganye a ninke, reshe a karkace, gam ya yi yawa." Ya duba katin, sai ya fashe da dariya ya miƙo mini. Rubutun Baba Audu ne. A gurbin wanda ya ɗebo, ya rubuta Habu Koki, shi kaɗai, bai sa nasa sunan ba. Ranar kuwa ta shekarata ta farko ce a ɗakin. Na tuna sabarar, a hanyar wani ƙauye na yanko ta, kuma na tuna ya karɓa bai ce komai ba. Na ɗauka a shara ta ƙare. Ashe har kudu ya aika ta.

Dakta ya ce, "Za ka gyara ninkin?"

Na ce a'a. Ba a taɓa tsohon aiki, yadda aka same shi haka ake ajiye shi. Na ba ta gurbinta a sabon kabad na rufe.

Tana nan har yanzu, a layin sabara, ta uku daga sama. Duk wanda ya je a cikinku ya ce a nuna masa. Ku ɗaga ta da hannu biyu, kuma kada ku yi dariya da ƙarfi, ɗan shekara goma sha bakwai ne ya yi ta.